Makin Kanti da Jirgin Oslo

Torben ya kasa tsayuwa wuri ɗaya a layin sayen tikiti na kantin. Ya fito da katin kantin, ya mayar aljihu, ya sake fitowa da shi.

Shekara da shekaru shi da matarsa Birgit ko gishiri ba sa saye sai a nan, don tara makin da ake musanyawa da tikitin tafiya. Ta ci kifin gwangwani har ya gundure ta, saboda makinsa ninki biyu ne. Yau kuma zai kwashe makin kaf, ya yanki tikitinsa shi kaɗai zuwa Oslo, ba dawowa. Jakarsa na cikin mota.

Sata ce ko hakkinsa ne? Ya lallashi zuciyarsa da cewa ai ya bar mata gidan, har da karensa Basse, wanda rabuwa da shi ta fi komai ci masa rai.

"Malam, in rawa ka zo yi, ba mu da makaɗa," in ji matar da ke sayar da tikiti. "Kawo katin."

Ta duba na'ura, ta ɗaga gira.

"Ai ko maki ɗaya babu. Mai ɗaya katin ta kwashe da safe. Jirgin ruwan Oslo, gurbi biyu."

Kunya ta lulluɓe shi. Ashe tafiyar bazata Birgit ta shirya musu.

"Da sunana a ciki?" ya tambaya.

"Zuwa ne ba dawowa, jirgin ma ya tashi. Suna kuwa, sai dai in kai ne Basse."