Ƙoƙon Kan Mahaifin Vurusu

Wani Bature, Dakta Kersley, bai gama zazzage yashi daga takalminsa ba ya fito da awartakin awon kai. Mazan tsibirinmu suka jeru, kowa ya ɗaga haɓa ya tsaya cak tun ba a ce ya yi ba. Dakta ya rubuta a littafinsa cewa ladabi a jininmu yake.

Wata uku yana tambaya yana biya da sandar taba: wa ke auren wa, wa ke cin kifin wa. Aka riƙa ba shi amsa daidai tsawon tabarsa.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ƙoƙon kan mahaifin tsoho Vurusu yake so, wanda ke ɗakin kakanni a bakin ruwa, zai kai ƙasarsu a saka a akwatin gilashi. In an hana, jirgin gwamnati zai zo ya kwashe ɗakin kaf.

Vurusu ya kwana biyu bai ci doya ba. Wannan kan yake kai wa kifin farko duk shekara, shi yake kai wa kuka.

Yayarsa Nalisi ta tarar da shi a gindin kwakwa.

"Ka tsufa da wauta, ƙanena. Ƙoƙon kai yake so ko Baba?"

"Kan Baba ya ce, Yaya."

"Ya taɓa ganin Baba ne?"

Washegari aka kawo kai a naɗe cikin ganyen ayaba, mata na kuka har da birgima. Nalisi ta fi kowa, ita ba ta yin abu rabi da rabi.

Dakta ya auna goshi, ya auna ƙeya, ya cika ƙoƙon da tsaba ya juye a ma'auni.

"Kun gani! Ƙaramar ƙwaƙwalwa. Mai wannan kai ko ya shekara ɗari a makaranta ba zai haɗa baƙi biyu ba."

"Ka fi mu saninsa, ranka ya daɗe," in ji Nalisi.

Jirgi ya tafi da Dakta da ƙoƙonsa. Vurusu ya kai wa mahaifinsa kifi, sannan ya ɗauki fartanya ya zaga bayan garken aladu, ya mayar da ƙasar da suka tone a kabarin Baturen farko, Farfesan nan da zazzaɓi ya kayar shekara goma sha biyu da suka wuce yana tsakiyar awon kawunanmu.