Bishiyoyin Don Ruperto

Don Ruperto, shugaban ƙaramar hukuma, ya rufe wa Eufemia rumfar lemo, wai ta rubuta "babu sinadari" ba shaida, sabuwar doka kuma ta hana. Ta haɗiye fushinta, ta koma leburanci.

Ranar da jami'ar da ke kula da dokar ta zo daga Lima, babban birnin ƙasar, ya kai ta dandali yana washe baki.

"Ranki ya daɗe, bishiya dubu muka shuka!"

Eufemia ta matso.

"Ke, kauce! Nan ba kasuwa ba ce," in ji Don Ruperto.

Eufemia ta sa yatsu biyu ta zare bishiya ɗaya. Reshe ne, ko saiwa babu.

"Zaɓi wata, ranki ya daɗe," in ji ta. "Jiya ya sa mu leburori muka soka su a ƙasa. To, Don Ruperto, kai ina taka shaidar?"