Farar Wutar Baba

Wata Lahadi bayan coci, a Unguwar Boro, Baba ya kira ni ɗakin gwaje-gwajensa. Farar wuta yake son tsabtacewa. Ya narkar da ita cikin wani ruwa mai zafi mai warin fetur, ya tace a kwalba, ya ajiye kwalbar ta huce.

"Za ta fito siri-siri kamar alluran gwal," ya ce. "Kada ki motsa."

Na zauna har ƙafafuna suka yi tsami, ƙawayena suna wasa a waje. Da ya ɗaga kwalbar, sai dunƙule mai datti.

Ya yi tsaki. "Mu sake, 'yata."

Na fashe da kuka, bai ma juyo ba. Har yau ina jin haushi: rana ɗaya yake hutu a mako, ita ma kwalba ta cinye.