Ruwan Baba

Auta ya toshe tagar ɗakin girki da bargo, ya jera ƙananan kwalabe a kan tebur, ya kunna 'yar tocilarsa mai hasken shuɗi.

Shekarun da ya yi a waje yana karatu, a kan wannan sinadarin suka ƙare. Ɗigo ɗaya ake sawa a ruwa, a haska. In ruwan lafiya lau yake, sai ya yi kore shar yana walƙiya. In da jan ƙarfe a ciki, sai hasken ya mutu.

Ya dawo ya tarar da Baba a kwance, idanu sun yi rawaya, ciki ya kumbura. Likita bai ɓoye masa ba: jan ƙarfe ne ya taru a hanta, kuma ya ci rabinta. In ba a gano ta inda yake shiga jikinsa ba, magani ɓata lokaci ne.

Auta bai yi wani dogon tunani ba. Kamfanin wayar lantarki, mai aiki da jan ƙarfe, na nan bayan layinsu. Har ya je ƙofarsu ya zazzaga wa maigadi rashin mutunci.

Ya ɗiga a ruwan famfo. Kore.

Ruwan rijiya, ruwan tanki, na maƙwabta. Duk kore, kamar suna yi masa dariya.

"To, Malam Bature," in ji yayarsa daga bakin ƙofa, "abin da ka je koyowa ke nan? Idon mage a kwalba?"

"Yaya, don Allah ki bar ni."

"Ruwan nan dai duk muna sha. Ka ga wani ya kwanta ban da shi?"

Kwalba ta ƙarshe, wadda ya ɗebo daga kwatar kamfanin da hannunsa, ita ma ta haska. Daga ɗaki ana jiyo nishin Baba.

Umma ta shigo riƙe da kofi, ta ce ya kauce ta ɗauki cokali, Baba zai sha ruwan lemon tsaminsa. Don kada a ce akwai abin da ya bari, Auta ya tsiyayi kaɗan, ya ɗiga, ya haska.

Baƙi ƙirin. Ko ƙyalli babu.

Ya sake. Haka dai.

"Umma, a cikin me kike haɗa masa wannan?"

Ta yi murmushi, karon farko tun dawowarsa.

"A ɗan tulun jan ƙarfen nan da ka aiko masa shekarar da ka tafi mana. A ciki ruwan yake kwana kullum. Ko ni ya hana in taɓa, wai na Autansa ne."