Katina na Daura Ne

Na fara ganin Akueze a watan Yunin 2012, a bakin cocinmu da ke Daura. Tana taya yayanta tsaron shagon kayan babur, ni kuwa akawu ne a wata makaranta. Daga nan muka fara soyayya.

Ana saura mako guda zaɓen shugaban ƙasa na 2015, ta aika aka kira ni tasha. Na tarar an ɗaure katifarta a saman mota. Yayanta ya sayar da shagon, don yana tsoron abin da zai biyo bayan sakamako.

"Malam Istifanus, na kama maka kujera kusa da tawa," in ji ta. "Idan ka biyo mu, Yaya ya yarda a ɗaura mana aure a gida, can Nnewi. Idan ka zauna, ya ce ba zai ba mai neman mutuwa ƙanwarsa ba."

"Katina na zaɓe na Daura ne, Akueze. A can ba zan iya jefa ƙuri'a ba."

"Ƙuri'a ɗaya? Kai ma ka san wanda zai ci Daura."

"Na sani. Amma a gaban bagaden coci na yi wa Ubangiji alkawari zan fito in zaɓi wanda zuciyata ta yarda da shi. In duk muka tafi, wa zai san akwai mu a garin nan?"

Sai ta kira ɗan kamasho, ta ce ya ba wani kujerar.

Na yi zaɓe, ba abin da ya same ni. Akueze ta yi aure a Nnewi bayan shekara guda. Ni har yanzu ina makarantar.