Injin Sosej Mai Aiki da Ruwan Famfo

Da Injiniya ya buɗe famfo a gwaji na huɗu, murfin bututun ne ya yi tsalle, niƙaƙƙen nama kilo biyu ya manne a silin ɗin gareji. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya ce, "An samu ci gaba."

Ba injiniya ba ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana karanta mita a ma'aikatar ruwa, ƙanin matarsa, wani mahauci, shi ya laƙaba masa sunan don tsokana. Da ya yi ritaya sai ya rasa abin yi, ya mayar da kicin ofis. Ya jera tukwane bisa tsawo, ya liƙa wa kowane gwangwani takarda. Yakan tsaya a bayan matarsa ya ce gishirin ya isa haka.

Ita kuwa sana'arta sosej. Tana ɗura niƙaƙƙen naman sa cikin wankakken hanji da mazurari da babban yatsa, shaguna uku na unguwar suna saye. Wata safiya, yana cikin ƙirga mata cokula, ta kama wuyan hannunta ta yamutsa fuska.

"Baban yara, hannun nan ya fara gajiya. Da akwai mai ilimin ruwa a gidan nan, ai da ya ƙera min abin da zai riƙa tura naman."

Kafin azahar ya kwashe takardunsa ya koma gareji.

Dabarar ba ta da wuya. Ya sayo ƙaton bututun roba mai tsawon hannu. Ya yanko faifai daga tsohon allon yanka nama, ya zagaye shi da zoben roba, ya zura a ciki. Ruwa zai shigo ta baya da tiyo ya tura faifan, faifan ya tura naman, naman ya fita ta siririn baki ya shige hanji. A takarda, aikin mako guda ne.

Aka shiga wata na uku. Yau zoben roba ya goce, ruwa ya haɗu da nama ya zama kunu. Gobe bawul ɗin da ke tare ruwa ya saki. Jibi tiyo ya samu ɗan huji kamar na allura. Kullum zai bar injin lafiya lau ya tafi kasuwa neman kayan gyara, ya dawo ya tarar an share gareji tas, an ajiye masa shayi, injin kuma ya fito da sabuwar cuta. Matarsa takan leƙo ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Ko ka duba ta wajen bawul ɗin?" Kuma sau da yawa can ɗin ne.

Mahauci, da yake shi ke kawo naman, bai taɓa wucewa bai leƙa ba.

"Injiniya, yau silin za a ciyar ko bango? In sani, in kawo marar ƙashi."

Tun Injiniya yana dariya har ya daina. Ya lura cewa duk ranar da mahaucin ya shigo gidan, injin sai ya lalace. Bai lura cewa mutumin kullum yake shigowa ba. Ya sayo kwado ya garƙame gareji, ya rataya makullin a wuya, ko wanka zai shiga da shi yake shiga. Ya aika wa dangi cewa ranar Asabar da hantsi kowa ya zo ya ga ikon Allah. Idan abin ya ƙi a gaban jama'a, ya san har jikokinsa sai mahauci ya ba su labari.

Asabar ta zo. Aka jera kujeru a ƙofar gareji. Mahauci ya zo da lema, ya buɗe ta ya zauna a sahun gaba. Injiniya ya zura hanji a bakin injin, ya yi bismilla, ya murɗa famfo kaɗan.

Shiru. Sai bututun ya yi ɗan nishi, hanjin ya kumbura, sosej ya fara fitowa sumul, ya yi ta naɗewa a faranti har faranti ya cika. Aka ɗauki tafi. Mahauci ya rufe lemarsa, ya miƙe ya ba shi hannu.

"Na janye, Yaya. Daga yau sunan ya zama naka na halak."

Injiniya ya cire makullin daga wuya ya miƙa wa matarsa a gaban kowa, idonsa har da ƙwalla.

"Maman yara, hannunki ya huta. Ni ma na gama aikina. Gobe in Allah ya kai mu zan dawo in taya ki a kicin, na ga tukwanen duk sun hargitse."

Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya.

Da la'asar baƙi suka watse, Injiniya ya kishingiɗa a falo barci ya kwashe shi. Babbar 'yarsu, wadda ta zo daga gidan mijinta don ganin gwajin, ta nufi gareji ɗauko faranti. Ta tarar da mahaifiyarta a durƙushe gaban injin, sifana a hannun nan mai ciwo, tana murɗawa da ƙarfinta.

"Mama! Me kike yi?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tsaya min a ƙofa kar ya farka. Kaɗan zan sassauta, kamar yadda na saba."