Ruwan da Ke Ɓacewa a Gidan Younoussa

Karo na uku ke nan a mako guda da Younoussa ya dafa ƙarfen ɗumama ɗakin jaririyarsa ya ji shi sanyi ƙalau kamar randa.

Tsohon gida ne ya kama haya a garin McLeansville, can ƙasar waje mai tsananin sanyi, mai tukunyar itace a ɗakin ƙasa. Wuta ke dafa ruwa, inji ya tura shi cikin bututu zuwa ɗakuna. Jaririyar bakwaini ce, ga Janairu, kuma likita ta faɗa ba da wasa ba: in sanyi ya kama ta, asibiti za ta koma.

Wuta na ci sosai, amma bututun sai ƙugi yake kamar cikin mai yunwa. Younoussa ya shekara goma yana gyaran mota a Maraɗi, ya san kukan iska in ta shiga bututu. Ya sassauta noti ya fitar da ita, ya duba allurar awo, ruwa ya ragu. Ya cika. Kafin ya dawo daga aikinsa na sito a Wendover, allurar ta sake faɗuwa.

To ina ruwan ke zuwa? Ya bi bututu da tocila, ya rarrafa ƙarƙashin gida, ko ɗigo bai gani ba. Ƙasan ɗan famfon da ke gindin tukunyar ma tas yake, kamar an goge. Ya tambayi matarsa Kouloussoum, ta ce ita ko matakala ba a barinta ta sauka. Ya kira mai gidan hayar a waya, bai same shi ba. Mutum ɗaya ce bai tambaya ba, don wa zai titsiye surukarsa? Hajiya Aissa daga Maraɗi ta zo kula da jego, gaisuwa ma kansa a sunkuye yake yi.

Ran Asabar da asuba jaririyar ta fara tari. Tsoro ya kama shi. Ya fasa zuwa aiki, ya cika ruwa, ya zauna gaban tukunyar ya ƙura wa allura ido.

Rana na fitowa ya ji taku a matakala. Hajiya ce, da bokiti biyu da tsumma a kafaɗa. Ya miƙe ya sunkuyar da kai.

"Sannu da ƙoƙari, ɗan nan, matsa mini," ta ce, tana murɗa ɗan famfon. "Ruwan famfon sama ko kaza ba zai fige ba. Da wannan nake yi wa mai jego wanka, safe da yamma."